Juriya da Nasarar Karatu a Tarihin Horar da Ma'aikatan Jinya

Daga cikin sana'o'in da ake koya a makaranta, kaɗan ne tarihinsu ya ɗaure nasarar ɗalibi da iya ɗaukar wahala kamar yadda tarihin koyon aikin jinya ya yi, domin tun lokacin da aka fara buɗe makarantun wannan aiki a tsakiyar ƙarni na 19 ake auna ɗaliba da abu biyu a lokaci guda, wato abin da ta rubuta a takardar jarrabawa da kuma yadda ta tsaya a kan ƙafafunta a ɗakin marasa lafiya, inda ake kwana ido biyu, ake wanke gyambo, ake kuma rufe idon wanda rai ya yi wa halinsa. Hausa tana da kalmomi uku da sukan shiga juna a wannan fage, kuma rarrabe su zai sauƙaƙa bin tarihin. Haƙuri shi ne danne zuciya a kan abin da mutum ba shi da ikon sauyawa, dauriya ita ce ɗaukar zafi ko ciwo ba tare da raki ba, juriya kuwa, a ma'anar da masana halayyar ɗan'adam suke ba ta a yau, ita ce iyawar mutum ya farfaɗo ya koma kan aikinsa bayan wani abu ya kayar da shi, ko faɗuwa jarrabawa ce, ko rashin kuɗin makaranta, ko mutuwar majinyacin farko da ya cika a hannunsa. Makarantun jinya sun shafe kusan shekara ɗari suna neman haƙuri da dauriya a wurin ɗalibansu, suna zaton juriya suke aunawa.

Kafin zuwan makaranta, jinya a ƙasar Hausa aikin dangi ce, kamar yadda take a yawancin duniya: uwa ko kaka ko ƙanwa ce ke zama da marar lafiya, ungozoma na karɓar haihuwa da yanke cibi, wanzami na ƙaho da cire beli, kowa kuma ya gaji sana'arsa ne a gida ba tare da ranar shiga ko ranar kammalawa ba. Tarihin Musulunci ya adana sunan Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa hema a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, cikinsu har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A irin wannan tsari babu wanda ake cewa ya faɗi ko an kore shi, saboda haka tambayar wa zai kai ƙarshen karatu ba ta taso ba sai da jinya ta zama darasi mai wa'adi da rajista.

Makarantar da ta zama abin koyi ga ƙasashen da Birtaniya ta mallaka ita ce wadda aka buɗe a Asibitin St Thomas da ke Landan a shekarar 1860, da kuɗin da jama'a suka tara, fiye da fam 40,000, don girmama Florence Nightingale bisa aikin da ta yi a yaƙin Kirimiya, inda ta isa asibitin sojoji na Uskudar, daura da Istanbul, a watan Nuwamba na 1854 tare da mata 38. An fara da ɗalibai 15, horon kuma na shekara ɗaya ne, a ƙarƙashin Sarah Wardroper, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, muƙamin da ake kira metiron. Ɗaliban suna kwana a gidan da aka keɓe musu a cikin asibiti, ana ciyar da su ana ba su ɗan ihsani, yawancin yininsu kuma yana ƙarewa ne a gyaran gado da shara da kwashe fo da ɗaura bandeji, lacca kuwa sai abin da ya samu. Abin da ya fi bayyana tunanin wannan makaranta shi ne littafin rajistarta, wanda a cikinsa ake rubuta hukunci a kan kowace ɗaliba ta fuska biyu: ƙwarewar hannu a gefe guda, ɗabi'a a ɗaya gefen, wato kamewa daga giya, gaskiya, riƙon amana, kiyaye lokaci, natsuwa da tsafta. Akwai dalilin wannan tsanani, domin a Ingila ta wancan zamani ana kallon mai jinyar haya a matsayin jahila mashayiya, kuma Nightingale ta san cewa iyaye masu mutunci ba za su saki 'ya'yansu mata su shiga asibiti ba sai sun tabbata akwai mai tsare su kamar yadda ake tsare su a gida.

Sai dai tsarin ya zo da wani zato da ya daɗe bai gushe ba, cewa ɗabi'ar da ake nema abu ce da ɗaliba take zuwa da ita daga gida, aikin makaranta kuma shi ne ta gano wadda ba ta da ita ta sallame ta. Masaniyar tarihin jinya Monica Baly, wadda ta bi takardun asusun Nightingale a shekarun 1980, ta nuna cewa a shekarun farko ɗalibai da yawa ba su kai ga cika wa'adin da suka sa wa hannu ba, wasu an kore su, wasu rashin lafiya ya kayar da su, wasu sun tafi don kansu, kuma koyarwar da ake yi musu ba ta kai abin da ake shelantawa ba. Matar da zazzaɓin da ta kwasa a ɗakin majinyata ya kwantar, da wadda aka kama da kwalba, duk rajista ɗaya ta haɗa su a matsayin waɗanda ba su dace da aikin ba.

Gyara na farko mai ma'ana ya fito ne daga hannun wata da ta san tsarin daga ciki. Rebecca Strong, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya tun tana da ƙuruciya, ta yi horo a makarantar Nightingale a ƙarshen shekarun 1860, daga baya ta zama metiron a babban asibitin Gilasgo da ke Sukotlan, kuma a 1893 ta fara wani shiri na koyar da sababbin ɗalibai ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da kuma tsafta a aji, kafin a tura su gaban marar lafiya. Wannan shi ne asalin zangon share fage da ɗaliban jinya a Nijeriya suke kira Fi-ti-es har yau, kuma manufarsa ta asali ita ce a shirya ɗaliba don kada abin da za ta gani ya karya ta. Yadda wannan zango ya rikiɗa daga tsani ya koma rariya yana daga cikin abubuwan lura a tarihin sana'ar.

Dokar rajistar ma'aikatan jinya ta 1919 ta kawo jarrabawar ƙasa a Birtaniya, horo kuma ya tsaya a kan shekara 3, amma ɗaliba ta ci gaba da zama ma'aikaciya mai arha wadda asibiti ba zai iya tafiya ba sai da ita, kuma duk inda bukatar asibiti ta ci karo da bukatar karatu, karatun ne ke ja da baya. Ana hana ɗalibai aure, ana ƙayyade lokacin da za su dawo masauki, wadda ta kwana aikin dare kuma tana iya wucewa kai tsaye zuwa lacca. Kwamitin da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Sir Robert Wood ya ba da rahoto a 1947 cewa kusan rabin waɗanda ke shiga horo ba sa kammalawa, ya kuma ɗora babban kaso na laifin a kan tsananin horo marar dalili, da yawan aikin gida da ake jibga wa ɗalibai, da halin wasu manyan ma'aikata, sannan ya ba da shawarar a mayar da su ɗalibai na haƙiƙa. Shugabannin sana'ar ba su karɓi shawarar hannu biyu ba, domin da yawansu ta wannan hanya suka bi, kuma wanda ya sha wuya ya tsira yakan ɗauki wuyar a matsayin sirrin ƙwarewarsa.

Binciken da ya fi girgiza wannan tunani shi ne na Isabel Menzies, ƙwararriya a nazarin halayyar ɗan'adam daga Cibiyar Tavistock, wadda wani babban asibitin koyarwa na Landan ya gayyata don ta duba dalilin da ya sa tsarin rarraba ɗalibansa yake neman rushewa, ta kuma wallafa sakamakon a 1960. Menzies ta lura cewa aikin jinya yana tayar da fargaba da tausayi da ƙyama da jin laifi a zuciyar mai yinsa, kuma maimakon asibitin ya taimaki ɗalibai su fuskanci waɗannan abubuwa, sai ya gina hanyoyin kauce musu: ana yayyanka aiki gunduwa-gunduwa, wannan ta auna zafin jikin kowa, waccan ta wanke kowa, don kada wata ta shaƙu da majinyaci ɗaya, ana kiran marar lafiya da lambar gadonsa ko sunan cutarsa, ana yawan sauya wa ɗaliba ɗaki ba da sanarwa ba, ana tura kowane ƙaramin hukunci zuwa ga na sama, wadda ta yi kuka kuma a ce mata ta daure. Ta samu cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban ba sa kammalawa, mafi yawansu kuma da kansu suke neman tafiya, ba jarrabawa ce ta kayar da su ba, har ma ta nuna cewa waɗanda suka fi hankali da balagar tunani suna cikin waɗanda tsarin ya fi ƙuntata wa, domin su ne suka fi jin zafin a hana su amfani da basirarsu. Idan haka ne, rariyar tana zubar da tsaba tare da dusa, kuma zaman ɗaliba har ƙarshe bai isa hujjar cewa ta fi wadda ta tafi juriya ba, ta yiwu ta fi ta haƙuri ne kawai, ko kuma ba ta da inda za ta.

Wannan tsari ne, da kyansa da aibinsa, Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan suka shigo da shi Nijeriya. An kafa hukumar ungozomomi bisa dokar 1930, aka kafa majalisar ma'aikatan jinya bisa dokar 1947, sannan dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su suka zama Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ke tantance makarantu, take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, take kuma shirya jarrabawar ƙarshe. An buɗe makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1952 bisa ma'aunin Birtaniya, kuma a 1965 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rayuwar Kofoworola Abeni Pratt ta haɗa bakin zaren biyu, na Birtaniya da na Nijeriya: malamar makaranta ce a Legas, matar aure mai ɗa, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946 a lokacin da ba kasafai ake karɓar matan aure ba, ta kammala, ta dawo gida a 1954, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a asibitin Ibadan a 1964, shekara guda bayan haka kuma ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta tarayya. Akan kawo ta misalin jajircewa, kuma ta cancanta, amma da an bi ƙa'idar hana matan aure a kanta da ba a san tana da juriyar ba.

A Arewa lamarin ya ɗauki wata siffa dabam. Asibitocin En'e irin asibitin birnin Kano, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Murtala Muhammad, da asibitocin mishan irin na Vom da na Wusasa, sun fara ne da horar da ma'aikatansu a bakin aiki, kuma da yake sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, maza ne suka cika aikin na tsawon lokaci, abin da ya sa sunan malamin asibiti ya riga na malamar asibiti zama a bakin jama'a. Yarinyar da ta nemi shiga aikin tana fuskantar jarrabawa tun kafin ta ga allo, domin aiki ne na kwana a waje da taɓa jikin wanda ba muharrami ba, kuma shekarun karatun sun faɗo daidai lokacin da ake sa ran ta a ɗakin miji. Da ta tsallake wannan, sai ta tarar da karatu cikin Ingilishi, da sharaɗin kiredit 5 a Ingilishi da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, darussan da makarantun ƙauye da yawa ba su da malamansu, sannan ga jarrabawar Fi-ti-es bayan kimanin wata 6, wadda makarantu da dama suka mayar hanyar tankaɗe da rairaya, su ɗebi ɗalibai fiye da adadin da hukuma ta yarje musu, su rage su a wannan gaɓa kafin a aika sunayen waɗanda suka tsira don rajista. Nasihar da ɗaliba ta fi ji a gida da makaranta ita ce ta yi haƙuri, wai mai haƙuri shi ke dafa dutse, alhali haƙuri ba ya koyar da kemistirin da ba a taɓa koya wa mutum ba, ba ya kuma riƙe wa mai shayarwa jariri a daren da take bakin aiki.

Ilimin da ya ba wa juriya ma'anarta ta yanzu bai taso daga asibiti ba, ya taso ne daga nazarin yara. Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka girma, suka ga cewa daga cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da abin yi, kuma abin da ya yawaita a tarihin waɗannan shi ne samun aƙalla babban mutum guda, kaka ko malami ko maƙwabci, wanda ya riƙe su da gaske. Daga nan aka fara ƙera ma'aunai, wato jerin tambayoyin da mutum ke amsawa game da kansa a ba shi maki: Gail Wagnild da Heather Young, waɗanda su kansu masanan jinya ne, sun fitar da nasu a 1993, Kathryn Connor da Jonathan Davidson kuma suka fitar da wani mai tambayoyi 25 a 2003, kuma da irin waɗannan ne ake gwada ɗaliban jinya a ƙasashe da dama a kwatanta makin juriyarsu da makin jarrabawarsu. Sakamakon bai zo da baki ɗaya ba. Dangantakar juriya da lafiyar ƙwaƙwalwa da raguwar ƙosawa da aiki ta fi fitowa fili, dangantakarta da makin jarrabawa kuwa wani lokaci takan bayyana da rauni, wani lokaci ta ɓace, kuma da yake yawancin binciken a lokaci guda yake auna abubuwan biyu, ba ya iya rarrabe ko juriya ce ta kawo cin jarrabawa ko cin jarrabawar ne ya ƙara wa ɗaliba ƙarfin zuciya. Akwai kuma wani gibi da ya kamata mai karatu ya riƙe: takardar tambayoyi tana isa ne ga waɗanda suke cikin aji, wadda ta riga ta koma gida ba ta cikin lissafi.

Birtaniya ta aiwatar da shawarar Wood bayan fiye da shekara 40, lokacin da shirin da aka yi wa laƙabi da shekarar 2000 ya fara mayar da horon jinya manyan makarantu daga 1989, ya cire ɗalibai daga lissafin ma'aikatan asibiti, kuma daga 2013 digiri ya zama sharaɗin shiga aikin a Ingila. Barin karatu bai ƙare ba, dalilansa ne suka sauya zuwa matsin kuɗi da renon yara da nisan wurin koyon aiki da irin tarbar da ɗaliba ke samu a can.

Gwajin da ya fi kusa da mai karatun Hausa shi ne shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Shirin ya ɗauki matsalar daga inda tarihi ya nuna take. An buɗe ajin shekarar share fage ga 'yan matan karkara da matan aure waɗanda garuruwansu suka zaɓa bisa alkawarin za su dawo su yi aiki a gida, ana koya musu kimiyya da Ingilishi har su cike kiredit ɗin da ya rage musu su kuma iya tsayawa a jarrabawar shiga. An nemi yardar iyaye da mazaje da goyon bayan sarakuna da malamai tun kafin a ɗauki ɗaliba. An gyara ɗakunan kwana, an samar da wurin renon yara a makarantu, an ƙara malamai mata, an kuma taimaki makarantun su cika sharuɗɗan hukuma don a ƙara musu adadin ɗalibai. Wanda ya duba da kyau zai ga tunanin Rebecca Strong ne ya dawo bayan kusan shekara 120, haɗe da abin da Werner ta gano game da mutum guda mai riƙe yaro, sai dai a nan gari guda ne ke riƙe ɗaliba. Matan da suka fito ta wannan hanya ba wata sabuwar ɗabi'a aka zuba musu ba, irinsu ne dai tsohon tsari yake sallama a wata na shida ya rubuta cewa ba su da juriya, kuma hukuncin da tarihin sana'ar ya fi goyon baya shi ne cewa makarantar da ke zubar da kaso mai yawa na ɗalibanta kowace shekara ita ce ta fi cancanta a fara bincika kafin a bincika su.